Finjali Mai Huji

Ranar da aka soke bas ɗin da ke haura dutse daga Tobiura zuwa Kamino, babu wanda abin ya dama a garinmu sai Tokuji. Masu mota suna da motarsu, marasa mota suna da 'ya'ya masu mota, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Lasisinsa hukuma ta karɓe tun ranar da ya zura ƙaramar motarsa cikin gonar shinkafar mutane yana rera waƙa, matarsa kuma tun kafin wannan ta tattara nata ya nata ta koma wurin 'yarsu a birni.

Bas ɗin nan shi ke riƙe da ransa, ba da wasa nake faɗa ba. Duk Lahadi yakan hau shi ya sauka a Kamino, ya shiga wani ɗaki a bayan asibiti inda waɗanda suka bar giya suke haɗuwa. Ƙa'idar wurin ba ta da yawa. In layi ya zo kanka ka miƙe, ka faɗi sunanka na gaskiya da garinku, ka faɗi abin da ke cin ka, ka zauna. Ba mai amsa maka. Ba mai ba ka shawara, ba mai ƙaryata ka, ko sannu ba a cewa. Inda magana ta faɗi nan ake barin ta. Matan mashaya da iyayensu da 'yan'uwansu su ma suna zuwa, su ma ana ba su layi, kuma galibi nasu ya fi yaji. Tokuji bai san abin da ya sa wannan zama yake aiki ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya sani shi ne in ya je, yana iya wuce shagon giya na bakin tashar jiragen ruwa har wata Lahadin ta zagayo. Likita kuwa ya riga ya gaya masa ba kwana-kwana cewa hantarsa ta gama aikinta, in ya sake kurɓa ba zai ga wata kakar ba.

Sai ya shiga neman wani taron a kusa. Ya je ofishin lafiya, ya sunkuya a gaban taga ya yi tambayarsa ƙasa-ƙasa. Matar da ke wurin, wadda ta san shi tun yana da gashi, ta juya ta kwaɗa wa na ciki kira.

"Wai akwai wani taron mashaya a nan kusa? Tokuji ne yake nema!"

Tsofaffin da ke jiran awon jini duk suka ɗago kai. Ɗaya ya ce, "Taron mashaya? Ai garin nan gaba ɗaya taron mashaya ne, ya je bakin tasha mana." Aka yi ta dariya har da masu tari. Amsar da ta fito daga ciki ita ce babu, sai dai Kamino.

Ya buga wa Tsoho Kumon waya, mai jan taron Kamino. Kumon tsohon mai saran itace ne a daji, ido ɗaya gare shi, kuma ba a san shi da lallashi ba.

"Baba, tunda kana da mota, ka riƙa zuwa kana ɗaukata mana."

"Ni direbanka ne? In haura dutsen nan in ɗauko ka, in sake haurawa in mayar da kai, da ido ɗaya? So kake mu mutu ba mu sha komai ba? Ji nan. Garin da mashayansa suka fi kifinsa yawa a ce ba shi da taro, ai abin kunya ne. Ka nemo ɗaki a garinku. In mun tashi daga namu da safe, ni da tsohuwata za mu zo maka da la'asar. Mutum uku ma taro ne."

"Ɗaki ɗaya ne a garin nan, zauren unguwa."

"To ka karɓo makulli."

Faɗar da sauƙi. Makullin zauren yana ɗaure a ƙugun Genzo, shugaban unguwa, kuma Genzo ba kowa ba ne illa mijin yayarsa Hatsue. A jirgin Genzo Tokuji ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fizgar kifin katsuwo da sandar gora. Genzo ne ya koya masa tsayuwa a gefen jirgi ba tare da ya faɗa ruwa ba, Genzo ne kuma ya miƙa masa finjalinsa na farko. Saboda haka da Tokuji ya dawo daga asibiti ya ce ya bar sha, Genzo bai ɗauke ta maganar lafiya ba, zagi ya ɗauke ta. Wato giyarsa ce ta lalata yaron ke nan? Shi kansa tun hantsi yake farawa, fararen idanunsa sun koma ruwan ƙwai, amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Tokuji ya je gidan da safe. Ya tarar da Hatsue a tsugune a bakin famfo tana feɗe kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, yana ciki?"

"Ina zai je?"

Genzo ya fito da ɗan tawul a wuya, ya tsaya a kan dakalin ƙofa don ya fi tsawo, ya saurara har ƙarshe yana sakace haƙori.

"Zaure kake so. Ku shiga ku yi ta kuka kuna zagin giya, a zauren da kakanninmu suka sha tasu."

"Ɗan lokaci ne kawai, Yaya Genzo, ran Lahadi."

"Ban ce a'a ba. Amma tun yaushe aka fara roƙon zaure a tsaye a ƙofar gida kamar mai tallar jarida? Jibi walimar bikin kaka. Ka zo ka roƙa yadda mutane suke roƙo."

Tokuji ya san abin da ake nufi. A garinmu ba a neman abu wurin babba da fatar baki kawai. A wurin walima kake ɗaukar finjalinka da 'yar butar giya, ka ja gwiwa zuwa gabansa, ka miƙa masa, ka zuba, ya shanye. Sai ya mayar maka da finjalin nan, ya zuba maka, kai ma ka shanye. A tsakanin nan ake magana. Maganar da finjali bai je ya dawo a kanta ba iska ce, gobe kowa na iya cewa bai ji ba. Wanda ya ƙi finjalin da aka mayar masa kuwa, gara ma ya tofa wa mutum yawu a fuska, za a fi saurin yafe masa. Haka muke, mun kuma daɗe muna taƙama da hakan, muna raka mazanmu makabarta tun jikokinsu ba su fara tafiya ba.

Ranar walimar aka jera dogayen tebura a zaure tun rana tsaka. Manyan farantai cike da kifin da aka babbake da karan shinkafa, tafarnuwa yanka-yanka a kai, mata suna ta kai da kawowa tsakanin kicin da zaure, Hatsue a gabansu. Tokuji ya zauna can ƙarshe kusa da inda ake tuɓe takalma, da kwalbar shayin sha'ir a gabansa.

"Kai Toku, me ke cikin kwalbar nan? Fitsarin likita ne?"

"Ku ƙyale shi, ciki gare shi, an hana shi sha."

"Af, sannu amarya. Wata nawa ne?"

Ya jira har fuskoki suka yi ja, sannan ya ɗauki finjali da buta, ya soke kwalbar shayinsa a hammata, ya ja gwiwa zuwa kan teburi. Hayaniya ta lafa, don kowa ya san abin da ya kawo shi. Ya miƙa wa Genzo finjalin da hannu biyu, ya zuba. Genzo ya shanye, ya tanɗe baki.

"Yaya, ina roƙon aron zaure duk Lahadi da la'asar. Finjalin zai dawo, zan kuma sha, ba zan ƙi hannunka ba. Sai dai a zuba min wannan." Ya ajiye kwalbar shayin.

Genzo ya dubi kwalbar, ya dubi jama'a.

"Shayi? A finjalin da bakina ya taɓa? Wasan 'yar tsana muke yi ni da kai?" Ya jefa finjalin Tokuji cikin aljihu, ya ɗaga murya. "Hatsue! Kawo min mai hujin nan."

Wasu suka yi sowa. Finjalin nan na wasa ne, ana fito da shi in walima ta yi daɗi. Huji gare shi a gindi, sai ka toshe da yatsa kafin a zuba, ba kuma damar ajiye shi sai ka shanye. Hatsue ta kawo ta ajiye a gaban mijinta ta juya. Genzo ya damƙa shi a hannun Tokuji, ya kama yatsansa da kansa ya danna a kan hujin, ya cika shi fal da giyar da aka kai ɗakin bauta da safe aka dawo da ita. Sannan ya kwance makullin daga ƙugunsa ya ajiye a kan tabarma a tsakaninsu.

"Ga shi nan. Duk Lahadi har ranar mutuwarka. Shanye kawai."

Ƙamshin ya daki hancin Tokuji, yawu ya cika masa baki. Ya ji sanyin giyar a kan yatsansa, maƙogwaronsa yana motsi shi kaɗai. Finjalin bai fi kurɓa biyu ba. Nan take wata murya mai hankali ta soma yi masa lissafi a cikin kai: kurɓa biyu a yau, ɗaki har abada, ai don barin giyar ma za a sha, ko Tsoho Kumon zai gane, wanda yake neman ƙetare rafi dole ƙafarsa ta jiƙe. Maganar ta tsaru, babu ta inda za ka kushe ta. Abin da ya tsorata shi ke nan, don ya san muryar. Ita ce ta taɓa gaya masa gara ya sha kaɗan kafin ya tuƙa mota don hannunsa ya daina rawa.

Aka fara tafi ana rera masa waƙar shanyewa. Wani a baya yana cewa, "Sha, ragon maza! Hannun shugaba ya gaji da jira!"

Tokuji ya dubi makullin. Ya ɗage yatsansa.

Giyar ta tsiyaye siririya a kan cinyarsa, ta jiƙa masa gaban wando, ta gangara kan tabarma. Wani yaro-yaro cikin masunta ya fashe da dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya haɗiye. Giyar ɗakin bauta ce a ƙasa, daga hannun shugaba, a gaban kowa.

Marin da Genzo ya kai masa sai da aka ji shi a kicin. Ya ɗauke makullinsa.

"Ɗan banza, butulu! Shekara nawa ka ci a jirgina? Fita! Ko gawarka ba za a yi wa zama a zauren nan ba."

Kafin Tokuji ya miƙe, Hatsue ta iso da tsumma. Ta durƙusa ta soma goge tabarmar, ba ta dubi mijin ba, ba ta dubi ƙanen ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗaga ƙafarka."

Garinmu ya iya horo ba tare da duka ba. A rumfar shanya kifi inda Tokuji yake ɗan aikinsa, in ya shigo hira ta mutu. In ya gaishe da mutum, mutumin ya ga wani abu mai ban sha'awa a sama. Masu zaman bencin shagon giya kuwa suka sa masa suna Mai Jiƙaƙƙen Wando, suna kiransa da shi duk wucewa. Gidansa shiru, ba mai yi masa magana sai firji. Lahadi ta zo ta wuce ba taro, kuma a makon nan ya kama kansa a tsaye a ƙofar shagon, bai san lokacin da ƙafafunsa suka kawo shi ba. Mai shagon ya leƙo yana murmushi, ya ce an yi kewarsa. Tokuji ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji a teku ba, ya juya da sauri ya tsallaka titi, ya faɗa rumfar jiran bas ya zauna yana haki.

A nan zaune ne abin ya faɗo masa. Rumfa ce mai bango uku da rufin kwano, benci a ciki mai ɗaukar mutum biyar in an matsa. Masu bas suka gina ta, masu bas sun tafi. Ba ta da ƙofa, balle makullin da za a ɗaura a ƙugu. Aibinta ɗaya ne: bakinta yana kallon bencin shagon giya, titi ne kawai a tsakani.

Ya buga wa Kumon waya. "Baba, na sami ɗaki."

Da Kumon ya iso ran Lahadi da tsohuwarsa, ya tsaya ya ƙare wa rumfar kallo da idonsa ɗaya, ya dubi mazan da suka cika bencin tsallake kowa da gwangwanin giyarsa.

"Wannan ne ɗakin?"

"Shi ne."

"Na taɓa yin taro a inda ya fi shi wari. Zauna."

Tsohuwar ta zuba shayi a kofunan takarda. Kumon ya miƙe ya faɗi sunansa da garinsu, ya ba da nasa labarin a taƙaice, daga tsallake ana ta jefo musu magana.

"Bas ɗin ya makara ne, Mai Jiƙaƙƙen Wando?"

"Ku yi kukan da ƙarfi mana, ba ma ji daga nan!"

Tokuji ya miƙe zai yi nasa ke nan sai ga Genzo ya tsallako titi yana tangaɗi, a buge tun da rana. Hatsue tana biye da shi riƙe da rigarsa ta sanyi, yadda take bin sa ko'ina don ta dawo da shi gida in ƙafa ta ƙi.

"Wa ya ba ku izini? A unguwata? Kai tsoho mai ido ɗaya, daga wane rami ka fito?"

Kumon bai ko motsa ba. "Layi ya zo kanka ke nan. Ka faɗi sunanka da garinku, sannan ka faɗi abin da ke bakinka. Ba mai katse ka."

"Sunana? Tambayi kifin tekun nan, su gaya maka sunana!"

Ya buɗe baki ya zuba. Ya zagi Tokuji tun daga ranar da ya hau jirgi yana amai har zuwa ranar walima. Ya zagi likitoci, ya zagi mutanen Kamino masu cin doyar daji, ya zagi mazan zamani da ba sa iya riƙe finjali. Ya ce shi ya sha abin da zai iya ɗaga jirgi, ga shi tsaye da ƙafarsa. Duk inda ya kai aya sai ya dakata ya zuba wa Tokuji ido yana jira. Mutum ne da tun tasowarsa bai taɓa miƙa abu bai dawo masa ba, finjali ne ko zagi. Jinin Tokuji yana tafasa, amsoshi sun cika masa baki, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi, amma ya koma ya zauna, ya dafe gwiwoyinsa ya kafa ido a ƙasa. Tsohuwar Kumon tana kurɓar shayinta. Genzo ya sake zagayowa kan zagin da ya riga ya yi, muryarsa tana raguwa, har ya zo yana cewa, "Ku yi magana mana. Kurame ne ku?" Ƙafafunsa suka gaji, ya zube a ƙarshen bencin yana numfashi da ƙyar.

"Mun ji," in ji Kumon. Ya juya ga Hatsue. "'Yan'uwa ma suna da layi, in kina so. In ba kya so a wuce."

Tokuji ya tabbata za ta kama hannun mijinta su tafi. Sai ya ga ta ninke rigar sanyin ta ajiye a kan benci, ta gyara tsayuwa.

"Sunana Hatsue, 'yar Tobiura."

Ba ta rage murya ba, irin muryar da take kiran farashin kifi da ita ce, har tsallake ana ji. Ta fara da ubansu, wanda tun tana 'yar makaranta take janyo shi daga bakin tasha a cikin amalanken kifi. Ta zo kan Genzo. Ta ce watanni ke nan tana wanke jini a bayan gida kafin ya farka don kada ya gani ya ji tsoro, tana shanya zannuwan gado a cikin ɗaki don kada maƙwabta su ƙirga sau nawa shugaban unguwa yake jiƙa shimfiɗa a mako.

"Ke! Rufe min baki!" Genzo ya yunƙura.

"An saurare ka," in ji Kumon. "Zauna."

Ko ƙa'idar ce ta zaunar da shi ko ƙafafunsa, oho, ya dai zauna. A bencin tsallake ba ka jin komai, wasu sun soma sulalewa da gwangwanayensu a bayan cinya. Daɗi ya kama Tokuji, ba zan ɓoye ba. Ashe Yaya tana bayansa. Bai san yana gyaɗa kai ba sai da ta juyo.

"Kai kuma kada ka gyaɗa min kai. Ka zaci don kai na tsaya?"

Ta ce ranar da aka ƙona gawar Innarsu, da aka zo tsince ƙasusuwa a zuba a tulu, ita da shi ne suka kama ƙashin wuya da dogayen tsinkayen da ake tsince ƙashi da su, mutum biyu ƙashi ɗaya yadda ake yi. Yana warin giya, yana layi. Ya saki nasa ɓangaren, ƙashin ya faɗi a kan siminti ya rabu biyu, shi kuwa ya yi dariya ya ce Inna ba ta son shiga tulu. Ita ta durƙusa a gaban dangi ta tsince gutsattsarin da yatsunta.

Tokuji ya laluba kansa kaf bai sami ranar ba. Ya tuna zuwa wurin, ya tuna farkawa washegari, tsakanin nan babu komai. Shekaru ke nan yana shiga gidanta yana cin abincinta, ba ta taɓa faɗa ba, ba kuma wanda ya faɗa.

"Yanzu ka bar sha, an ce jarumi ne kai, ka zubar da finjali a gaban maza. Wannan ya zuba, wancan ya zubar, wa ya goge? Tun ina yarinya nake bin bayan mazan gidanmu da tsumma. Ba wanda ya taɓa miƙo min finjali ya ce Hatsue, me kike so. Na tsane ku. Dukanku biyu na tsane ku, har da na ukunku, ubanmu da ke cikin tulu."

Ban haƙuri ya taso wa Tokuji tun daga ciki. So yake ya faɗi a gabanta ya dafa goshi a ƙasa, ta zage shi, ya roƙa, ta ce ya wuce, a rufe maganar yadda ake rufe ta da finjali. Ya buɗe baki, idon Kumon ɗaya ya tsaya a kansa. Ba a amsawa. Ko ban haƙuri ba a yi, don ban haƙuri ma hanya ce ta karɓe magana daga bakin mai ita. Dole ya zauna da abin a hannu, ba damar ajiyewa, ba kuma hujin da zai ɗage wa yatsa. Hawaye suka zubo masa, ba wanda ya ce masa sannu.

"Mun ji," in ji Kumon. Ya ɗan jira, sannan ya ce taro ya tashi.

Tsohuwar ta tattara kofuna. Genzo yana zaune ya zura wa titi ido, bakinsa a buɗe. Hatsue ta wuce shi, ta bar rigar sanyin a inda take, ta tsaya a gaban Kumon.

"Lahadi mai zuwa ma a nan ne?"

Kumon ya nuna Tokuji da haɓa. "Tambayi mai ɗakin."

Ba ta juyo ta dube shi ba. Tokuji ya share fuska da hannun riga.

"A nan ne, Yaya."

"To ka tabbata ka zo, kuma ka zo garau, don so nake ka ji da kyau. Ban gama ba. Ko rabi ban kai ba."

Ta kama hanyar gida ita kaɗai. Tokuji ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya dubi shagon da ke tsallake, mai shagon yana tsaye a ƙofa yana jira. Ya ɗauki rigar sanyin ya jefa wa Genzo a cinya, ya tambayi tsohuwar Kumon ko akwai sauran shayi.